Yadda ake gane naman kaza na daji a kewayen gida

Da zarar damina ta kankama, naman kaza zai fara ɓullowa a bayan gida, a kan juji, a gindin suri da cikin ciyawa. Wani ana cinsa, wani kuma kisa yake yi, kuma daga sama kusan kamanninsu ɗaya ne. Don haka kada ku fizge shi. Ku sa wuƙa ku tono shi da gindinsa duka, domin babbar shaida tana cikin ƙasa.

Wanda aka fi ci a ƙasashenmu shi ne na suri, wanda masana ke kira Termitomyces. Gara ce ke noma shi a cikin gidanta. Tsakiyar laimarsa na da ɗan tsini mai tauri, kuma yawancinsa na da doguwar saiwa siririya da ta nutse har cikin surin. Amma fitowa kusa da suri kaɗai ba hujja ba ce, sai an ga saiwar.

To, ga kamannin mai guba da za ku kiyaye. Gindinsa a kumbure, yana zaune cikin wata 'yar jaka kamar ɓawon ƙwai, ga zobe a karansa, layukan ƙarƙashin laimar farare tas. Alamun dangin Amanita ke nan, kuma a cikinsu ne mafi kisa yake. Ku bar duk mai irin wannan jaka. Dafawa ba ta kashe gubarsa, shanyawa ma haka. Abin tsoron shi ne mutum kan yi awa 6 zuwa 24 lafiya lau kafin amai da gudawa su fara. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya ji sauƙi, iyali su ɗauka ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa. Daga nan idanu su yi rawaya.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Ku yanke laimar, ku kifa ta a kan farar takarda, ku rufe da kofi ta kwana. Da safe za ku ga garin irinsa ya zuba. Na suri yana barin ruwan hoda mai haske. In kuwa kore ya fito, Chlorophyllum molybdites ne, babban farin nan mai tsirowa a da'ira cikin ciyawa. Yana sa amai mai tsanani cikin awa 1 zuwa 3.

Maganar cewa wanda tsutsa ko kaza ta ci ba ya cutarwa, ko cokalin azurfa zai yi baƙi in akwai guba, duk ba gaskiya ba ce, kuma ta jawo asarar rayuka. Kada kuma ku tsinci ƙanana waɗanda laimarsu ba ta buɗe ba, alamunsu ba su bayyana ba tukuna.

Idan wani ya ci wanda ake shakka a kansa, musamman yaro, a tafi asibiti nan take ba sai an jira ciwo ba. A riƙo ragowar ɗanye a cikin takarda, ban da leda don yana saurin ruɓewa a ciki, a kuma gaya wa likita lokacin da aka ci.