Kuɗin Tagulla na Sarakunan Rum: Saƙon Sarki a Tafin Talaka

Jama'a, assalamu alaikum. Ina so mu ajiye zinariya da azurfa gefe yau, mu riƙe tagulla, domin ita ce kuɗin cefane a tsohuwar Rum, kuɗin mai burodi da ɗan dako.

Wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Agustus ya gyara tsarin kuɗin. Ƙaramin, na jan ƙarfe, sunansa as. Huɗu daga cikinsa su ne sestertiyus, babban kwabo mai ɗaukar ido kamar zinariya, sestertiyus huɗu kuma dinariyus ɗaya na azurfa. Eh, daga nan kalmarmu ta dinari ta samo asali, ta hanyar Larabci. A bayan yawancin kuɗin tagullar za ku ga haruffa biyu, S da C, wato "da amincewar majalisar dattawa", ko da yake kowa ya san wuƙa da nama suna hannun sarki.

To ku dubi wannan hoton. Kwabon Sarki Basbasiyan ne, shekara ta 71 Miladiyya, bayan an ci Ƙudus da yaƙi. Bishiyar dabino a tsakiya, mace zaune a gindinta ta yi tagumi. Matar nan ƙasar Yahudiya ce. Ko ba ka iya karatu ba, ka gane an ci wasu da yaƙi, kuma ka san wanda ya ci su.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na Sarki Nerba, shekara ta 97. Babu soja, babu gunki. Alfadarai biyu ne kawai suna kiwo, an kwance musu kaya, keken da suke ja yana jingine a bayansu. Me ya kawo alfadari kan kuɗin sarki? A da, garuruwan Italiya ne ke ba manzannin gwamnati dabbobi da kekuna, dole, ko manomi yana tsakiyar aiki. Nerba ya ɗauke musu wannan nauyi, baitulmali ya koma biya. Ku kwatanta manomin da aka taɓa ƙwace wa dabba ana cikin girbi, yau ya karɓi canji a kasuwa, ya juya kwabon, ya ga alfadari ya sunkuyar da kai yana cin ciyawa, ba mai kora.

Malam, matsa mana hoto na gaba, mu ga tashar jiragen ruwan Ostiya, kusa da birnin Rum, a kan kuɗin Sarki Nero.