Hirar Zango: Ina ruwan duniyar Mars ya tafi?

Awudu: Salamu alaikum jama'a, daga nan Asawase a Kumasi, Awudu ne, ga Malam Sani ga Hajiya Rabi. Malam, wai an taɓa yin tafki a duniyar Mars?

Malam Sani: Sosai ma. Kun dai san tafkin Bosomtwe da ke kusa da Kumasi, dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin, ruwa ya cika shi. To a cikin irin wannan ramin a Mars motar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai suna Curiosity ta sauka a 2012, ana ce masa Gale, sai dai faɗinsa ya haura kilomita 150, namu kuwa 10 ne da ɗan ɗoriya.

Hajiya Rabi: Ni fa Malam hotunan da nake gani jar ƙasa ce kawai da duwatsu, wa ya ga ruwan?

Malam Sani: Ba wanda ya gani Hajiya, dutse ne ya ba da shaida. A 2013 ta huda dutse ta gwada garinsa, sai ga yumɓu, irin wanda ba ya samuwa sai ruwa ya daɗe yana jiƙa dutse, kuma ruwan ba mai gishiri sosai ba ne. Daga 2014 ta kama hawan tsaunin Sharp da ke tsakiyar ramin, a ƙasa yumɓu, tana ƙara sama sai gishirin salfet wanda ruwa ke bari in ya ƙafe, kin ga kenan wurin ya yi ta bushewa ne a hankali, shekara sama da biliyan 3 da suka wuce.

Awudu: Amma Malam wurin nan da shegen sanyi, ai ƙanƙara ruwan zai zama.

Malam Sani: Yawwa, abin da ya daɗe yana damun masana kenan! Dole a da akwai iskar kabon mai kauri da ke riƙe zafi, to ina ta shiga? Sai a 2025 aka sanar motar ta tono sidarait, wato ƙarfe haɗe da kabon, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na garin dutsen.

Hajiya Rabi: Ikon Allah, dutse ya shanye iska kenan.

Malam Sani: Wani ɓangare dai, wani kuma guguwar da ke fitowa daga rana ce ta yi ta kwashewa zuwa sararin samaniya.

Hajiya Rabi: To halittu fa, an samu?

Malam Sani: Hajiya kar ki sa ni faɗin abin da NASA ma ba ta faɗa ba.