Jawabin Maraba ga Shugaban Tawagar Ikkilisiyoyin Bishara na Italiya, a Taron Addu'a Domin Mutanen Ƙasarsa

Babban baƙonmu, Rabaran, shugaban tawagar da ta zo mana daga Italiya. Shugaban wannan taro. Fastoci da dattawan ikkilisiya. Iyayenmu mata na Zumunta. Matasa da dukan 'yan'uwa cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Rabaran, a madadin wannan ikkilisiya ina yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya, muna kuma gode wa Allah da ya kawo ku lafiya. Ko da yake yawancinmu ba mu taɓa taka ƙasarku ba, sunanta ba baƙo ba ne a kunnenmu, domin tun muna yara muke karanta labarin Karniliyas, jarumin ƙungiyar sojan da ake kira ta Italiya, da labarin yadda Manzo Bulus ya sauka a Futiyoli, a gaɓar tekun ƙasarku, yana ɗaure, ya tarar da 'yan'uwa suka riƙe shi kwana bakwai kafin ya wuce Roma. Har marubucin wasiƙar Ibraniyawa ma da gaisuwar mutanen Italiya ya rufe wasiƙarsa.

Da aka sanar da wannan taro, wasu sun yi tambaya, kuma tambayar tana da ma'ana: ƙasar da fadar Paparoma take a tsakiyar babban birninta, wadda kusan kowane ƙauye nata yake da majami'a da waliyyin da ake yi wa biki duk shekara, wace addu'a take nema daga gare mu? Gaskiya ne cewa mafi yawan mutanen Italiya, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan 59, an yi musu baftisma a Cocin Katolika, kuma tun daga yarjejeniyar Lateran ta 1929 tsakanin gwamnati da fadar Paparoma har zuwa gyaran da aka yi mata a 1984, Katolika ne addinin gwamnati. Amma ƙididdigar hukumar ƙasar ta nuna cewa a yau masu zuwa sujada kowane mako ba su cika mutum ɗaya cikin biyar ba, alhali a farkon wannan ƙarni sun haura ɗaya cikin uku. Auren da ake ɗaurawa a ofishin gwamnati ya fi na majami'a yawa, haihuwa kuma ta ragu har jariran da aka haifa a 2022 ba su kai 400,000 ba. Ba mu faɗi wannan don mu nuna wa kowa yatsa ba, gama a cikin Katolikan Italiya akwai masu tsoron Allah da masu hidimar matalauta waɗanda ayyukansu suke ba mu kunya. Damuwarmu ita ce saurayin da ya gaji sunan Kirista daga kakarsa, yana wuce ƙofar majami'a kullum, amma bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki da hannunsa ba.

Ku kuwa masu bishara 'yan kaɗan ne a ƙasarku, sai dai tarihinku ya fi yawanku nauyi. Waldensiyawa, ɗaya daga cikin ikkilisiyoyinku, sun samo asali daga Bitrus Waldo, wani attajiri na birnin Liyon a Faransa, wanda wajen shekarun 1170 ya rabar da dukiyarsa, ya sa aka juya Nassi zuwa harshen talakawa. Mabiyansa sun fake a kwarurukan duwatsun Fiyamonte a arewacin Italiya, aka yi ta farautarsu ɗaruruwan shekaru, aka karkashe su a lokacin Ista na 1655, amma ba su ƙare ba. Sai ranar 17 ga Fabrairu 1848 Sarki Carlo Alberto, mai mulkin yankin, ya ba su 'yancin zama 'yan ƙasa kamar kowa, kuma har yau jikokinsu suna hura wuta a kan tuddai a daren jajiberin wannan rana. Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Italiyanci da Giovanni Diodati ya yi a 1607, a birnin Jeniba da ke Suwizalan ta yau aka buga ta, ba a Italiya ba. 'Yan Fentikos kuma, waɗanda 'yan cirani suka kawo saƙonsu daga birnin Shikago na Amurka a 1908, gwamnatin kama-karya ta Mussolini ta haramta sujadarsu a 1935, ba a janye wannan umarni ba sai a 1955, shekara goma bayan mutuwar Mussolini kansa. Mu da muke wannan yanki mun san abin da ake nufi da yin sujada ana sauraron motsin waje, saboda haka wannan labari ya shiga zuciyarmu ƙwarai.

Akwai kuma bashin godiya a kanmu. 'Ya'yanmu da yawa sun bi ta Agadez da Libiya, suka hau kwale-kwale, waɗanda Allah ya tsare suka sauka a tsibiranku na Lampedusa ko Sisili ba su da kome. Mun sami labarin yadda tarayyar ikkilisiyoyin Furotestan da Waldensiyawa suka haɗa hannu da ƙungiyar Katolika ta Sant'Egidio tun 2016 suna shigo da 'yan gudun hijira ta jirgin sama bisa doka, da yadda 'yan Najeriya da 'yan Ghana suke zaune a kujera ɗaya da Italiyawa a majami'unku. Allah ya sāka muku.

Abin da muka yi alkawari shi ne za mu riƙa yin addu'a domin matasan Italiya su koma ga karatun Maganar Allah, domin garuruwan da ba su da taron masu bishara ko ɗaya su sami ma'aikata, domin kuma ƙananan ikkilisiyoyinku kada su karai. Roƙonmu gare ku guda biyu ne. Ku riƙa aiko mana da labarin ainihin bukatunku, don kada mu yi addu'a a kan zato. Sa'an nan ku sa ido a kan 'yan matanmu da masu fataucin mutane suka yaudara, ku haɗa su da fastocin da za su kula da su.

Iyayenmu mata sun tanadar muku 'yar tsaraba, za su miƙa bayan waƙarsu. Daga nan, Rabaran, bagadi naku ne, mai fassara kuma yana gefenku.