Injin tsohuwar mota yana karkarwa: yadda ake gano inda matsalar take

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Motar da kuke gani a bayana ƙirar 2006 ce, mai silinda huɗu, mai amfani da fetur, kuma ta hannu na saye ta a nan ƙasar da nake zaune. Idan aka tayar da ita, injin yakan yi ta karkarwa a silo, sannan fitilar nan mai hoton inji da ke kan dashbod ta kama ta ƙi mutuwa. Yau bincike za mu yi kafin gyara, domin babu abin da ke cinye kuɗin mai tsohuwar mota kamar sayen kayan gyara bisa zato.

Kafin in ɗauko wata na'ura, ido da hanci nake fara sakawa a aiki, tun inji yana da sanyi. Na zaro sandar gwada baƙin mai, kuma kun ga yana tsakanin alamomin biyu. Ruwan lagireto ma bai ragu ba. A nan ina roƙonku kada wani ya kuskura ya buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, domin ruwan a matse yake kuma yana iya feso wa mutum a fuska. Ga murfin wurin zuba baƙin mai, akwai ɗan farin abu mai kauri a ƙarƙashinsa. Da yawa da zarar sun ga wannan sai su yanke hukunci cewa gasket ɗin kan silinda, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa a cikin inji, ya ƙone, alhali a ƙasa mai sanyi, motar da ake gajerun tafiye-tafiye da ita takan tara irin wannan daga raɓa kawai, saboda inji ba ya yin zafin da zai ƙone danshin. Abin da zai tayar mini da hankali shi ne a ga ruwa yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba.

Yanzu mu zagaya baya mu kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai. Baƙi yana nufin fetur ya yi wa iska yawa. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya yi zafi, musamman idan yana da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, alama ce ta ruwa na shiga cikin silinda. Wannan da kuke gani tururi ne na sanyin safiya, kuma ya riga ya fara ɓacewa. Batir ma na auna shi. Lafiyayye yakan nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take, ya hau zuwa wajen 14 idan inji yana aiki, kuma nawa yana nan daidai.

Sai na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota. Ramin da ake jona ta, mai ƙananan ƙofofi 16, yana ƙarƙashin sitiyari, kuma wannan tsarin binciken matsalar mota da ake kira OBD-II ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, a Tarayyar Turai kuwa tun 2001 ga masu fetur. Bari in matso da kyamara. Lambar da ta fito ita ce P0303, ma'ana silinda ta uku tana tsallake wuta. Da P0300 ce, da tsallaken bai tsaya kan silinda guda ba, kuma da sai mu koma neman abin da ya shafe su duka, kamar famfon mai ko iskar da ke satar shiga ta fasasshen tiyo.

A nan ne mutane suka fi yin asara. Lambar ta faɗi wurin da abin ke faruwa ne kawai, ba ta faɗi dalili ba. Silinda tana buƙatar abu uku kafin ta yi aiki, wato tartsatsin wuta, da fetur gauraye da iska, da matsi, kuma rashin kowanne daga cikinsu zai haifar da wannan lambar. Saboda haka na fi son gwajin da ba ya cin ko sisi. Na cire kwayil ɗin silinda ta uku, wato abin da ke ba filogi wuta, na musanya shi da na ta ɗaya, na goge lambar, na sake tayar da mota. Idan matsalar ta bi kwayil, shi ne mai laifi. Idan ta tsaya inda take, sai a yi irin wannan musayar da filogi, daga nan a wuce kan nozul mai fesa fetur. To, ga sakamakon: P0301, wato yanzu silinda ta ɗaya ce ke tsallake wuta. Matsalar ta bi kwayil.

Amma ku dubi robar da ke ƙasan kwayil ɗin, ta jiƙe sharkaf da baƙin mai, kuma ramin filogin ma cike yake. Gasket ɗin murfin bawul ne ya bushe saboda tsufa yake zubar da mai a ciki, man kuma yana lalata robar har wuta ta riƙa zillewa. Wanda ya saka sabon kwayil ya bar wannan yoyon, ba da daɗewa ba zai sake saye.

Tunda zan cire filogai, zan auna matsin kowace silinda, domin ina son ganin bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Idan guda ta yi ƙasa, akan ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake aunawa. In matsin ya ƙaru, zobban fistin ne suka ci, in bai ƙaru ba, sai a tuhumi bawul. Da fitilar injin tana ƙyaftawa ne maimakon tsayawa cak, da ko tuƙa motar ba zan yi ba, domin ɗanyen fetur da ke wucewa yana iya ƙone na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Abin da zan saya yanzu shi ne kwayil guda, da gasket ɗin murfin bawul, da filogai huɗu, kuma a bidiyo na gaba za mu ɗaura su tare.