Amincin Littafi Mai Tsarki da al'ajiban da ake sa wa farashi

Masu sauraronmu a Garwa da Marwa da Ngaundare, har zuwa Kusiri da Njamena, barkanmu da war haka. Matasanmu a majami'u suna yawan tambaya, wani lokaci bayan hira da abokan makaranta ko na kasuwa, ko Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu shi ne wanda annabawa da manzanni suka bari, ko kuwa hannun mutane ya sauya shi a hanya. Wannan tambaya tana da kyau, kuma bai kamata fasto ko dattijo ya amsa ta da tsawa ba, domin akwai amsa.

A shekarar 1947 wasu makiyaya suka tarar da tuluna cike da naɗaɗɗun fatu a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri. Daga cikinsu akwai littafin Annabi Ishaya kusan cikakke, wanda aka kwafa fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu, wato ya girmi kwafin Ibrananci da masana suke dogara da su a lokacin da kimanin shekara 1,000. Da aka jera su aka gwada, sai aka ga mafi yawan bambancin na rubutun kalmomi ne da ƙananan sauye-sauye, saƙon kuwa yana nan yadda yake. Sabon Alkawari yana da kwafin hannu na Helenanci fiye da 5,000, ciki har da wani guntun Bisharar Yohanna na ƙarni na 2 da ke ajiye a Mancesta ta Ingila, da babban kundin Sina'i na ƙarni na 4. Yawan kwafin nan ne ya sa masana suka gane cewa ayoyin ƙarshen Markus, daga 16:9 zuwa 20, ba sa cikin wannan kundi, kuma bugu da dama suna faɗin haka a ƙasan shafi. A ganina wannan abin ƙarfafa zuciya ne, domin mai ɓoye gaskiya ba ya nuna wa jama'a inda ake da muhawara.

Ƙasa ma ta ba da tata shaida, kamar dutsen da aka tono a Kaisariya a 1961 ɗauke da sunan Bilatus, gwamnan Romawa da ya ba da Yesu a gicciye shi. Sai dai dutse ba zai tabbatar da cewa matacce ya tashi ba. A nan bangaskiyar Kirista ta jingina ne ga shaidun ido. Manzo Bulus, da yake rubuta wa Korantiyawa shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciye, ya ce mutum fiye da 500 sun ga Yesu a raye, kuma yawancinsu suna nan da rai a lokacin, ke nan wanda ya yi shakka yana iya zuwa ya tambaye su.

Wannan ne ya sa abin da ke faruwa a wasu unguwanninmu yake damuna ƙwarai. Ana sayar da kwalbar mai ko ruwa da sunan al'ajibi, gwauruwa ta kwashe sefar da ta tara ta biya, har a ce wa mai hawan jini ko mai ciwon sukari ya bar magani don nuna bangaskiya. Mun gaskata Allah yana warkarwa har yau, amma Littafin da muka amince da shi bai san irin wannan ciniki ba. A Ayyukan Manzanni sura 8, da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi a Samariya don ya sayi ikon Allah, Bitrus ya tsauta masa da kakkausar murya. Yesu kansa, bayan ya warkar da kuturu, ya aike shi wurin firist, wanda shi ne Shari'ar Musa ta ɗora wa duba masu cutar fata. Saboda haka duk wanda aka yi wa addu'a ya ji sauƙi, ya koma asibiti likita ya auna shi, ya ci gaba da maganinsa har sai likitan ya sallame shi, sannan ya zo ya ba da shaida a gaban ikilisiya da takardar gwaji a hannunsa.