Amsoshin Tambayoyinku: Me Kalmar "Thick" Take Nufi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar yau ta fito ne daga wata ɗaliba a Zariya. Ta ce malaminsu ya koya musu cewa "thick" na nufin kauri, sai ga shi ta ga an yi amfani da kalmar ga daji, ga hazo, har ga mutum. Tana tambaya ko wanne ne daidai.

To malama, malaminku bai yi kuskure ba. Je ki wajen masu buga bulo, ki ajiye mai inci 9 kusa da mai inci 6. Tazarar da ke tsakanin fuskar kowane bulo ta gaba da ta baya ita ce kauri, kuma nan ne gindin kalmar. Ki lura, ba ta kai ga zurfin rijiya ba; wannan "deep" ake ce masa.

Daga nan sai a shiga madafa. Kunun gyaɗa da ya kama jikinsa, wanda in kin ɗebo da ludayi sai ya sauko a hankali, shi ma "thick" ne. A nan Hausa da Turanci bakinsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne daji da hazo. Mu sai mu ce daji ya yi duhu, hayaƙi ya turnuƙe, hazo ya rufe gari har ba a hangen gidan maƙwabci. Bature kuwa kalma ɗaya yake sa musu duka, domin abin da yake gani ɗaya ne: abu ya cunkushe har ido ko ƙafa ba sa iya ratsawa. Daga wannan ratsa kurmi da sarari aka samo "through thick and thin", maganar da ta haura shekara 600 a bakinsu, wato ana tare a daɗi da wuya.

Na mutum kuwa, ina roƙonki ki kiyaye shi sosai. A Ingila in aka ce wane "thick" ne, daƙiƙi ake nufi, wanda karatu ba ya shiga kansa. Zagi ne mai ciwo. Kada ki faɗa wa kowa, ko da kina nufin yana da jiki.

In za ki rubuta fassarar da Hausa, ki kula da ƙugiya: kauri daban, ƙaurin tuwon da ya ƙone daban. Mun gode da wasiƙarki, a gaishe mana da malaminku.