Sharhi: Ɗaliban shari'a da nisan kotu daga talaka

Masu sauraro, a kowace shekara jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai suna yaye matasan da suka karanci shari'a, kuma daga cikinsu ne za a samu alƙalai da lauyoyin gobe. Darasin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne 'yancin alƙali, kuma suna da hujja, domin ƙasar nan tamu Nijar ba ta manta da shekarar 2009 ba, lokacin da shugaba Tanja Mamadu ya rushe kotun tsarin mulki bayan ta ƙi amincewa da zaɓen raba gardama na tazarce.

Amma ina roƙon ɗaliban Tawa musamman da su tsaya su nazarci shari'ar Hadijatu Mani, wadda ta faru a jiharsu. An sayar da ita a matsayin baiwa tana 'yar shekara 12. Da ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai wanda ya mallake ta ya ce matarsa ce, kotu a Birnin Konni kuwa ta yanke mata hukuncin wata shida bisa laifin aure kan aure, alhali dokar ƙasa ta haramta bauta tun 2003. Sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi suka tsaya mata har gaban kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda a watan Oktoban 2008 ta ce Nijar ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Mata nawa ne a karkara za su samu masu tsaya musu haka?

An kafa hukumar ANAJJ a 2011 don taimaka wa marasa galihu a gaban shari'a, sai dai har yanzu mafi yawan lauyoyi a Yamai suke zaune, dokokin kuma da Faransanci aka rubuta su, ta yadda manomin Ader kan ji makomar gonarsa ne daga bakin tafinta. Ɗalibin da yake jin Hausa ko Tamashek yana iya zama da mutanen garinsu lokacin hutu, ya bayyana musu cewa sarki sulhu yake yi, wanda bai gamsu ba yana da damar zuwa kotu, kuma ɗaukaka ƙara tana da wa'adin da idan ya wuce, ƙofa ta rufe. Ya kamata jami'o'in biyu su lissafa wannan aiki cikin karatu, su sa malamai su riƙa duba shi.